Shekarar da Na Kai wa Sarki Gaiwa

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya ara mini kwanaki har na ga jikokina suna gardama a kan abin da ya faru tun iyayensu na goye. Ya ku 'ya'yana, na san abin da kuke ji a bakin mutane game da barinmu Tudun Marke. Wasu sun ce muku na zagi Sarkin Haɗeja a gaban fadawansa. Wasu sun ce ƙarar yayana na kai saboda gona. Na ji ma wanda ya ce taɓin hankali ne ya same ni a shekarar, aka rufa mini asiri da ƙaura. Wannan ya fi ba ni dariya, don mai faɗinsa ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar karatu a gabana bai lura ba. To, ga yadda abin ya kasance, tun idona yana ganin bakin alƙalami.

Tudun Marke ƙauye ne a cikin fadama, gabas da Haɗeja, ta wajen Kiri Kasamma. Da damina ruwa ke zagaye mu, mai son fita sai ya hau gora ko ya nemi jirgi. Ba mu da kasuwa, ba mu da wata sarauta ta a zo a gani, abin da aka san mu da shi tsangaya ce, wadda kakan malaminmu Gwani Kyari ya kafa da ya taso daga Barno. Wani Sarki na can baya ya ji daɗin zamansa a ƙasarsa, sai ya ba tsangayar wani babban tafki da ke arewa da gari, ya ce hubusi ne, wato ba a sayarwa, ba a gado, ba a kyauta da shi. Shi ake ce wa Tafkin Allo. Ba mai jefa koma a cikinsa sai rani ya yi, ruwa ya ja baya, sarkin ruwa ya sa rana. Ranar kowa zai fito da gorarsa da homarsa, a yi su, wato kamun kifin gayya, tun hantsi har rana ta karkata. Mata su yi banda, fatake su zo daga Jahun da gaba da nan, a musanya musu da gero da gishiri da takarda. Da wannan gardawa suke ci shekara ta zagayo. Shi ya sa ɗalibin Tudun Marke bai san tsayawa a ƙofar gidan kowa ba, aikinsa allonsa. Ni ma da kifin nan na yi hadda, ba zan ɓoye muku ba.

Sarkin da ya ba da tafkin mutum ne mai hangen nesa, ya san abin da aka bayar da baki ana iya karɓe shi da baki. Don haka ya ɗora wata al'ada. Duk shekara, kifin farko da aka fitar daga tafkin, a yi bandarsa a kai fada. Ba Bulama mai garinmu zai kai ba, ba jakadan hakimi ba, sai gardin da ya kammala haddarsa a shekarar. Zai durƙusa ya buɗe faifai ya ce ga abin da Tafkin Allo ya bayar bana. Sarki zai tambaye shi ko karatu ya ɗore, ya ce ya ɗore, a shafa fatiha, a ba shi riga ya koma gida. Mu duka mun ɗauki abin bikin riga ne kawai. Sai da ta kai mu bango muka gane cewa wannan ita ce ƙofa ɗaya tak da maganar tsangaya ke shiga kunnen Sarki ba ta bi ta bakin wani ba.

Hakiminmu a Haɗeja yake zaune kamar sauran hakimai, ƙasarsa sai dai labari. Ba zan faɗi sarautarsa ba, jikokinsa suna nan, wasunsu ma mutanen kirki ne. Jakadansa, wani dogo mai suna Tanko, shi ke zuwa mana da kaka ya tara abin da za a tara. Wata shekara Tanko ya zo da sabuwar magana. An ce Sarki yana son a ƙara hatsi a rumbunan gari saboda masu gyaran ganuwa da dakaru, kowane hakimi ya san yadda zai yi. Namu ya duba ya ga ƙoramar da ke ɗauko ruwa daga kogi tana rabuwa biyu a bayan garinmu, hannu ɗaya ya zuba a Tafkin Allo, ɗaya ya bi wata fadama mai faɗi wadda ruwa ba ya isarta sosai. Ya ce a datse hannun tafki da ƙasa da kirare, ruwa duka ya koma fadama, a shuka shinkafa. Aka raba fadamar gida gida, kowa ya noma, hakimi ya ɗauki rabonsa. Ba zan ce muku dabarar banza ce ba. Shinkafa ta yi kyau ƙwarai. Gidajen da ba su taɓa kaiwa bazara da hatsi ba suka kai, har da na baiko. Abu ɗaya ne kawai ba a tambaya ba, ko kuma aka ƙi tambaya, shi ne me gardawa za su ci.

Shekarar farko ruwan sama ya ɗan taru a tafkin, aka yi su na jeka-na-yi-ka, aka samu 'yan tarwaɗa da ƙarfasa. Aka kai ɗaya fada, ba wanda ya ce uffan a kan ƙanƙantarta. Kafin bazara gero ya ƙare a rumbun tsangaya. Gardawa suka fara zamewa, wannan ya ce zai je ganin gida, wancan ya ce zai je ƙodago ya dawo, ba mai dawowa. Gwani Kyari, wanda a lokacin ya tsufa har sai an riƙe masa hannu, ya je wurin Bulama. Bulama ya ce shi ɗan aike ne, a tambayi jakada. Aka jira kaka, aka tambayi Tanko. Tanko ya yi rantsuwa cewa ubangidansa bai taɓa cin ko ƙaya ɗaya daga Tafkin Allo ba, tafki yana nan inda aka bar shi, duk abin da ke ciki na tsangaya ne har gobe. Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Gwani ya nemi a kai shi gaban hakimi, aka ce hakimi yana fama da baƙi. Ya nemi a ba tsangaya wani abu daga rabon shinkafa, aka ce za a duba. Har yau ana dubawa.

A shekara ta biyu na kammala haddata. Ina da aure a lokacin, mahaifiyarku Rakiya tana goyon babbanku. Muna gida ɗaya da yayana Habu da iyalinsa da Inna, mahaifinmu ya riga ya rasu. Ku san wannan game da Habu, don ba na son ku riƙe shi da mugun zato: tun ina yaro shi ya ɗauke mini fartanya. Duk damina shi ke noma rabona da nasa, ni ina zaune a inuwa ina wanke allo. Bai taɓa yi mini gori ba. Da aka raba fadama ya samu yanki mai kyau kusa da madatsar, ya zuba ƙarfinsa duka a ciki, karo na farko a rayuwarsa ya ga rumbunsa ya cika har ya gina na biyu. Ni ma na ci shinkafar nan, da man shanu ma, ban ce ba ta da daɗi ba.

Da rani ya yi, tafki ya bushe ƙaf. Tsakiyarsa, inda a da mutum kan gora ba ya taɓa ƙasa da sanda, ta tsage, awaki suna ratsawa. Sarkin ruwa bai sa ranar su ba, me zai sa? Gardawan da suka rage ba su cika tabarma biyu ba, su ma kunyar Gwani ce ta riƙe su. Amma lokacin kai kifi fada ya zo, kuma a fada ana lissafe da shi. Sai ga Tanko ya iso ba lokacin zuwansa ba. Ya sa aka kira ni zauren Bulama, ya buɗe wata tabarma, sai ga bandar giwan ruwa, ƙato, mai sheƙi, irin wanda Tafkin Allo bai taɓa fitarwa ba ko a shekarun albarka. Daga wajen Nguru aka sayo shi. Ya ce wannan zan kai, in faɗi abin da aka saba faɗa, in karɓi rigata, kuma hakimi ba zai manta da ni ba. Ya ce shi zai riga ni tafiya, mu haɗu a can. Na ce to. Na ɗauki kifi na kai gida na rataye a ɗaki.

Da la'asar na je wurin Gwani. Na same shi a rumfarsa, idonsa ya riga ya yi rauni, yana sauraron wani gardi yana biya masa. Na faɗa masa abin da aka ba ni. Na so ya ce mini yi kaza ko kada ka yi kaza, in samu wanda zan jingina da shi. Bai ba ni wannan sauƙin ba. Abin da ya ce mini shi ne:

"Isa, ni na tsufa, ba abin da za a ƙwace mini. Kai kana da gona da mata da uwa. Ba zan aike ka da abin da ba ni zan biya ba. Abin da na sani, za a tambaye ka ko karatu ya ɗore, kuma kai za ka amsa, ba ni ba."

A gida magana ta riga ni isa, don a Tudun Marke ba a rataye giwan ruwa a ɓoye. Habu ya san halina, ya ga ban yi murna da kifin ba. Washegari da safe muna shan kunu a tsakar gida ya buɗe zancen. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce ya san tsangaya tana cikin wani hali, kuma shi ma abin yana damunsa, in Allah ya kai mu kaka zai ba Gwani dami daga nasa, zai kuma yi wa maƙwabta magana su yi haka. Na ce masa sadakar maƙwabta daban, hakkin tsangaya daban. Wanda ya ba da dami bana yana iya hanawa baɗi, ba mai tuhumarsa. Tafki kuwa ba alfarma ba ne, an bayar, kuma wanda ya datse shi ya kamata a tambaya. Ya ce to a tambaye shi, amma in an fasa madatsa ba rumbun hakimi ne zai fara yin fayau ba.

"Ni na yi maka noma ka yi karatu," in ji shi. "Ban taɓa neman ka biya ni ba. Yau ma ba biya nake nema ba. Cewa na yi ka bar mini abin da na samu."

Duk abin da ya faɗa haka ne. Inna tana gefe tana kaɗi. Ba ta kiran sunan Habu, ɗan fari ne, sai dai ta ce wancan ko yayanka. Da ya fita ta ce mini in kwanta in ce zazzaɓi nake, a aiki wani. Na ce al'ada ba ta ba wani ba, in ban je ba Tanko zai kai da kansa, shi ke nan ƙofar ta rufe. Ta ce to ita dai ta haifi biyu, ba ta son ta wayi gari da ɗaya. Ta ci gaba da kaɗinta.

Ban yanke shawara da wani zafin zuciya ba, kada ku ɗauka jarumta ce. Na auna ne kawai na ga zan iya ɗaukar kifin Nguru har fada, zan iya durƙusawa, zan iya buɗe faifai, amma ba zan iya cewa karatu ya ɗore ba. Wannan kalma ɗaya ce ta gagare ni. To in ban faɗe ta ba me zan nuna? Bakin gardi ba zai rinjayi na hakimi ba. Mahaifiyarku ce ta warware mini. Ta ce an ce a kai abin da tafki ya bayar, ai tafki bai rasa komai ba, akwai gaiwa. Kun san kifin nan gaiwa, in ruwa ya janye ba ta bin sa, nutsewa take cikin laka ta naɗe ta kwanta, ta bar ɗan huji na numfashi, har ruwa ya dawo. Da tsakar rana, mutane duk suna inuwa, muka tafi ni da ita, babbanku a bayanta. Ta bi tsagar ƙasa da ido har tsakiyar tafki, ta nuna mini huji. Na sa fartanya na zagaye shi, na ciro curin ƙasar dunƙule guda ban fasa ba. Muka naɗe shi a tsumma muka sa a kwando. A hanyar komawa ta ce mini in za a kore mu, ita dai a bar ta ta ɗauki turminta.

Na tafi Haɗeja da kaya biyu, giwan ruwa a kai, kwando a hannu. Wanda ya tambaye ni na ce guzuri ne. Na sauka gidan wani malami a cikin gari, da safe aka shigar da ni fada. Ba taro ne babba ba, zaman safe ne na yau da kullum. Sarki yana zaune, alƙali a gefe, hakimai a jere, namu yana cikinsu, Tanko a bayansa yana mini murmushi. Na faɗi na yi gaisuwa. Na buɗe tabarma, fadawa suka yi ta yaba kifi. Sai na jawo kwando na kwance tsumma, na ajiye curin ƙasa kusa da shi. Na gyara durƙuso.

"Allah ya ba ka nasara," na ce, "wannan jakada ne ya ba ni in kawo. Wannan kuma shi ne abin da Tafkin Allo ya bayar bana."

Wani bafade ya taso zai ture ni, yana cewa wane irin rashin kunya ne a kawo wa Sarki ƙasa. Sarki ya ɗaga hannu. Shi ɗan fadama ne, ya san abin da yake kallo. Ya sa aka kawo ƙwarya da ruwa aka saka curin a ciki. Muka zauna ana kallon ƙwarya. Ƙasa ta jiƙe ta rabe, gaiwa ta motsa, ta yi wannan ɗan kukan nata. Sarki ya dube ni ya ce:

"Da fartanya kuka yi sun bana?"

Na ce da fartanya, kuma daga tsakiyar tafki. Ya ce karatu fa? Na ce bai ɗore ba, na faɗi yadda gardawa suka watse da dalilin watsewarsu. Ban ƙara gishiri ba, ban kuma ambaci sunan kowa ba, na ce an datse hannun ƙorama ne kawai. Sarki ya juya ga hakimi. In faɗi gaskiya, mutumin bai ruɗe ba. Ya ce bai ci kifin tsangaya ba, bai sayar da tafki ba. Ya ce Sarki ne da kansa ya nemi a ƙara hatsi, shi kuma ya ƙara, kuma talakawan Tudun Marke sun ƙoshi, a tambaye su. Ya ce kifin Nguru kuwa don girmama fada ne. Sarki ya san shi ma akwai rabonsa a cikin laifin. Ya tambayi alƙali. Alƙali ya ce wanda ya ba da tafki ya ba da shi ne da hanyar ruwansa, ba rami ya bayar ba, kuma bukatar hatsi ba ta halatta taɓa hubusi. Sarki ya ce a buɗe hannun ƙorama kafin ruwa ya sauko. Aka shafa fatiha. Ba a ba ni riga ba.

Ina fita wani dattijon bafade ya biyo ni har ƙofa. Ya ce mini yaro ka yi gaskiya, amma ka kunyata babba a gaban tsararrakinsa, kuma ka sa Sarki ya ji nauyin maganarsa a bainar jama'a, waɗannan biyu ba a yin su kyauta. Na ce na ji. A raina ina cewa tsoho ne mai tsoro. Ashe shi ya san gidan.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Hakimi bai rasa rawaninsa ba. An aiko dogari ya tsaya a kan fasa madatsa, kuma waɗanda aka sa su fasa su ne waɗanda suka gina, wato masu gonakin fadama. Na tsaya daga nesa na ga Habu a cikinsu, yana sara da fartanyarsa, bai ɗago kai ba. Bayan dogari ya tafi, Tanko ya dawo da saƙo biyu. Na farko, daga bana jakada ne zai riƙa kai kifin Tafkin Allo fada, don kada a sake aika wanda bai san ladabin sarakuna ba, kuma fada ta amince. Na biyu, gonar tudu da ke hannuna ƙasar hakimi ce, yana bukatarta. Bulama ya kira ni, yana ta sunkuyar da kai, ya ce ba korata yake ba, amma zamana zai jawo wa gari abin da ba zai iya tarewa ba. Mutanen gari ba su zage ni ba. Daina amsa mini sallama da sauri kawai suka yi, kuma wannan ya ishe ni. Gwani ya so in zauna a tsangaya in ci daga tafki, na ce in na yi haka za a ce don cikina na yi. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya yi mini addu'a. Kafin ruwan farko muka ɗaura kaya, da turmin mahaifiyarku, muka yi yamma har nan wajen Kaugama, inda wani mai unguwa yake neman wanda zai koya wa yara.

Na ce wa Inna ta biyo mu. Ta ce gidan da za a yi yunwa nan ake bukatar tsohuwa, ba gidan malami ba. Ta yi gaskiya. Ruwa ya zo a shekarar ya cika tafki har baki, fadama kuwa ta koma yadda take a da, shinkafa ta tsaya a gwiwa ta ƙone. Rumbun Habu na biyu bai sake ganin hatsi ba, kaji suka mai da shi wurin kwana. Ya shiga tafiya cin rani yana dawowa da abin da bai taka kara ya karya ba. Na aika masa da gero sau da yawa ta hannun fatake, kullum sai ya dawo mini yadda na ɗaure shi.

Tsangaya ta rayu. Gardawa sun dawo, wasu sababbi sun zo, har daga Barno. Na ji an ce 'ya'yan Habu duka a can suka yi karatu, da kifin tafki, kuma ɗayansu yanzu shi ke zaune a rumfar Gwani. Wannan yana faranta mini rai, ba na ɓoyewa. Amma kada ku ce na yi nasara ku tsaya nan. Ƙofar da na shiga ta, shigata ce ta sa aka toshe ta. Yau in wani ya sake datse ƙoramar, kifi mai kyau zai isa fada a kan lokaci, a ce karatu ya ɗore, a shafa fatiha. Na sha juya wannan a raina, ko da na bi a hankali da an samu ruwan ba a rasa ƙofar ba. Ban sani ba. Gwani ya bi a hankali shekara biyu, abin da ya samu za a duba ne. In aka mayar da ni ranar, ina jin kwandon nan zan sake ɗauka, don ba ni da wani.

Bayan wasu shekaru wani bafatake mai kawo banda, wanda ya san gidanmu, ya ce mini Inna tana kwance, jiki ya yi nauyi. Na ce ya koma ya faɗa mata ina neman izini in zo, ko a bayan gari in tsaya a fito da ita in gan ta. Na shirya jaki, na sayi zane. Da ya dawo ya zauna a zaurena ya sha ruwa, ya daɗe yana gyara zama, sannan ya ce ga abin da ta ce ya faɗa mini, kuma ta sa ya maimaita a gabanta don kada ya canza:

"Ka ce masa na san bai yi ƙarya ba, kuma na yafe masa duniya da lahira. Amma ya zauna inda yake. Yayansa, wanda ke ɗaga ni yana ba ni kunu a gidan nan, in ya gan shi, ba zai iya haɗiye nasa ba."

Na sauke wa jaki kaya. Ta rasu da damina, ruwa ya zagaye gari, labari bai iso ni ba sai da hanya ta bushe. Har yau ban san ta wane gefen maƙabarta aka sa ta ba.